Yamai zuwa Jidda a Jirgin Sama: Tambayoyi da Amsoshi kan Nisa da Awoyin Tafiya

Da zarar an shiga watan Sha'aban, ko kuwa an buɗe rajistar maniyyata aikin Hajji, tambayoyin da ake ji a ofisoshin ajans-ajans na Yamai da zaurukan Tawa kusan iri ɗaya ne: kilomita nawa ne zuwa ƙasa mai tsarki, awa nawa jirgi ke yi, kuma me ya sa wane ya ce shi awa biyar ya yi alhali wance ta wuni ta kwana a hanya? An tattara waɗannan tambayoyi a nan tare da amsoshinsu. Alƙaluman da aka kawo na kimantawa ne, an zubar da ƴan cikon da ba za su amfani matafiyi da kome ba.

Kilomita nawa ne tsakanin Yamai da Jidda?

Idan aka ja zare a miƙe daga filin jirgin sama na Diori Hamani da ke kudu maso gabashin Yamai zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 4,000. Kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,000 ne da ɗan ɗoriya, ke nan maniyyaci yana cin kashi ɗaya cikin goma na zagayen duniya a zama guda. Wanda jirginsa zai sauka Madina, a filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, nasa nisan ya ɗan ɗara haka, wajen kilomita 4,100. Makka ba ta da filin saukar jiragen fasinja, shi ya sa lissafin kullum yake tsayawa a ɗayan waɗannan garuruwa biyu.

Mai bincike a intanet zai iya cin karo da lamba 2,500 ko 2,160, kada wannan ya ruɗe shi, domin nisan bai sauya ba, ma'aunin ne ya sauya. Ta farko lissafin mil ne irin na Ingila da Amurka, wanda kowane ɗaya yake daidai da mita 1,609, ta biyu kuwa mil ɗin teku ne da matuƙan jirage ke aiki da shi, mai mita 1,852.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Paris, Santambul, Adis Ababa da Jidda, dukansu huɗun suna tazarar kilomita 4,000 ne daga Yamai, bambancin da ke tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. Amma a tambayi waɗanda suka je waɗannan birane awa nawa suka yi, za a ji amsoshi masu nisa da juna, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

To, awa nawa jirgi ke yi idan bai tsaya ko'ina ba?

Babban jirgin fasinja yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa guda idan ya kai tsayin da yake miƙewa, wato tsakanin mita 10,000 da 12,000 daga ƙasa. Idan aka raba 4,000 da 850, za a samu awa 4 da minti 40 da ƴan kai. Sai dai jirgi ba ya kama wannan gudu tun daga tashi. Yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 25 yana hawa, ya kuma fara sassautawa yana gangarowa tun saura kusan rabin awa ya isa, ga kuma tafiyar da yake yi a ƙasa kamar mota daga inda ya ɗebi mutane zuwa bakin titinsa, wadda kamfanoni ke sakawa cikin lissafin da suke bugawa a tikiti. Idan aka haɗa duka, tafiya miƙaƙƙiya daga Yamai zuwa Jidda tana cin awa 5 zuwa 5 da rabi. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a sa rai, idan hanya a buɗe take kuma iska ba ta yi gardama ba.

Ta kan waɗanne ƙasashe miƙaƙƙiyar hanyar ta bi?

Jirgin da ya tashi Yamai yana fuskantar gabas ne ya ɗan karkata arewa, kusan dai inda masallatan birnin suke kallo, tun da Jidda da Makka maƙwabta ne. Layin yana wucewa dab da Tawa ta kudu, ya bar Maraɗi da Damagaram a hannun dama, ya bi ta arewacin tafkin Cadi, ya shiga hamadar Cadi ta wajen Faya, sannan ya ratsa arewacin Sudan inda yake tsallake kogin Nilu, daga ƙarshe ya ƙetare Bahar Maliya ya sauka. Mai kujerar taga da rana ba abin da zai gani na tsawon awoyi sai rairayi da duwatsu, har sai wani siririn zare kore ya bayyana a tsakiyar hamada, wanda shi ne Nilu da gonakin bakinsa.

Kakanninmu ma gabas suka riƙa bi a ƙasa, sai dai ta kudu da wannan layi, inda ake samun ruwa da garuruwa: Borno, Wadai, Darfur, har tashar Sawakin a bakin teku. Tafiyar kan ci shekaru, ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, wasu kuma ba su ƙarasa ba, wasu sun je sun dawo suka zauna a hanya. Garin Mai Wurno da ke Sudan ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Shi Mai Wurno ne ya ci gaba da hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Me ya sa a ƴan shekarun nan ake jin tafiyar ta wuce awa 6?

Saboda sama ma tana da iyakoki. Kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta, kuma jirgi ba ya bin inda matuƙi ya ga dama, yana bin hanyoyi ne da aka shata, ƙarƙashin jagorancin masu kula da zirga-zirga. A yankinmu wannan aiki na hannun hukumar ASECNA da aka kafa a 1959, wadda makarantarta ta horar da masu hasashen yanayi da jagoran jirage, EAMAC, take nan Yamai.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe samaniyar ƙasar, kuma ko bayan an sake buɗe wani sashe nata, kamfanoni da yawa sun ci gaba da kauce mata. Sudan kuwa ita ce a tsakiyar hanyarmu. Jirgin da zai guje ta sai ya hau arewa ya biyo ta Masar, ko ya gangara kudu ya zagayo ta wajen Habasha, kuma kowanne ya zaɓa zai iya ƙara awa ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma fiye. Ƙarin awa ƙarin mai ne, ƙarin mai kuma a kuɗin kujera yake bayyana. Mu ma an taɓa zagaye mu: lokacin da aka rufe samaniyar Nijar daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumban 2023, jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka sai da suka riƙa yin dogon kewaye.

Tikitina ya nuna tashi 22:30, sauka 06:00. Ke nan awa 7 da rabi zan yi a sama?

A'a. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma masu ilimi ma suna faɗawa cikinsa. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin zai faru ne: lokacin tashi agogon Yamai, lokacin sauka agogon Jidda. Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2 a duk tsawon shekara, domin ƙasashen biyu ba sa sauya agogo. Saboda haka a wannan misali sai a cire 2 daga 7 da rabi, a samu awa 5 da rabi. A dawowa kuma ƙarawa ake yi: jirgin da ya bar Jidda 09:00 ya sauka Yamai 12:30 bai yi awa 3 da rabi ba, ya yi 5 da rabi.

Na taɓa zama da wani kawuna da ya zo daga Tawa zai tafi Umra, ya shimfiɗa takardar tikitin a kan tabarma, ya bi layin zuwa da yatsa, ya bi na dawowa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ashe dawowa gangara ce?" Na ce, "Kawu, ba gangara ba ce, agogonsu ne ya riga namu." Bai gamsu ba sai da na kira wani ɗan uwa da ke zaune a Makka, muka ji ana kiran sallar magariba a bayansa alhali mu ba mu daɗe da idar da la'asar ba.

Idan aka ga alamar +1 kusa da lokacin sauka, ma'anarta washegari. Haka nan jirgin da aka rubuta zai tashi 01:30 ranar Talata, daren Litinin ake zuwa filin jirgi, kuma mutane da dama sun rasa jirginsu a kan wannan ƴar magana. NIM a takarda Yamai ake nufi, JED Jidda, MED Madina.

Shin da gaske ne zuwa da dawowa ba su cin lokaci ɗaya?

Da gaske ne, amma bambancin na mintoci ne, kuma iska ke kawo shi. A can saman da jirgi ke tafiya akwai iska mai ƙarfi da ba mu jin ta a ƙasa. Idan tana bayansa ta tura shi, idan tana gabansa ta rage masa gudu. A lokacin sanyi iskar saman hamada daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, don haka tafiya Jidda ta fi sauri, dawowa ta fi jinkiri. Da damina lamarin kan juya, domin a watannin Yuni zuwa Satumba iskar can sama a yankin Sahel daga gabas take fitowa. Masu cewa juyawar duniya ce ke kawo Yamai kusa da jirgin da ya taso daga gabas ba su yi daidai ba: iskar da ke lulluɓe da duniya tare da ita take juyawa, jirgin kuma cikin wannan iska yake.

Idan babu jirgi kai tsaye, ta ina ya fi kusa a yada zango?

A lokacin Hajji, jigilar maniyyata da COHO, hukumar shirya Hajji da Umra ta Nijar, ke sa ido a kanta yawanci da jiragen haya ake yin ta, waɗanda ke tafiya kai tsaye. Mai zuwa Umra ko kasuwanci a sauran watanni kuwa galibi jirgin yawo yake shiga, wato na kamfanin da zai kai shi cibiyarsa tukuna, ya sauya jirgi. A nan ne nisan ke kumbura.

Ta Adis Ababa da Ethiopian Airlines, kilomita 4,000 ne sannan a ƙara wajen 1,400 zuwa Jidda, jimla 5,400, kimanin awa 8 a sama. Ta Santambul da Turkish Airlines, 4,000 ne da ƙarin 2,400, jimla 6,400, kusan awa 10. Ta Kazablanka da Royal Air Maroc kuwa mutum baya yake fara yi, ya tafi arewa maso yamma kilomita 2,400, sannan ya juyo gabas ya yi 4,750, jimla ta haura 7,000. Wasu jiragen ma sukan ɗan sauka wani babban birni na maƙwabta, kamar Wagadugu, su ɗebi fasinja ko su sauke, wanda ke ƙara awa guda ko fiye ba tare da an fita daga jirgi ba.

Sai dai a ganina kilomita ba ita ce abin dubawa na farko ba. Zaman jira tsakanin jirgi da jirgi shi ne ke mayar da tafiyar awa 8 ta koma ta awa 20. Hanyar da ta fi tsawo a taswira tana iya riga gajeriya isa idan jiranta awa 3 ne, ita kuwa gajeriyar jiranta awa 11. Jiran da bai kai awa ɗaya da rabi ba kasada ce, musamman a filin jirgi mai girma irin na Santambul, inda tafiya daga wata ƙofa zuwa wata kan ci minti 20 ko fiye ga mai ƙarfin ƙafa, balle tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta karanta allunan. Awa 3 zuwa 4 shi ne daidai. Kuma ya kamata a tabbatar wa mai ajans cewa tikiti ɗaya ake so har Jidda, domin idan jirgin farko ya makara kamfani ne zai nemo wa fasinja wani, kayansa kuma su bi shi. Idan tikiti biyu ne daban-daban, asarar a kansa take.

Ni daga Tawa zan taso. Yaya nawa lissafin yake?

Mutumin Tawa ya fi na Yamai kusa da Makka, domin daga Tawa zuwa Jidda a miƙe kimanin kilomita 3,650 ne. Amma idan jirginsa a Yamai zai tashi, sai ya fara yin kusan kilomita 550 a mota, ya biyo ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, yana nisanta daga inda ya nufa. Wannan tafiya wuni guda ce a kar. Abin dariyar shi ne, jirgi na tashi, cikin kamar rabin awa zai dawo da shi saitin garin da ya baro jiya. Shawara a nan ɗaya ce: a iso Yamai aƙalla kwana ɗaya kafin ranar tashi, kada a haɗa hanyar mota da jirgi a rana guda, domin fashewar taya ɗaya a wajen Dogon Dutsi ta isa ta rushe shirin shekara.

Babban jirgi ya fi ƙarami sauri?

Kaɗan. Manya irin Boeing 777 da Airbus A330 sun ɗan fi irin Boeing 737 gudu, amma a kan kilomita 4,000 ratar ba ta wuce minti 20 zuwa 30. Inda girma ke cin lokaci shi ne a ƙasa: shigar da mutum 300 ko 400 da kayansu, yawancinsu ba su taɓa hawa jirgi ba, aiki ne na awa guda ko fiye.

Hazo da zafi suna shafar lokacin tafiya?

Suna shafar tashi da sauka, ba tsakiyar tafiya ba, tun da jirgi a saman ƙura yake wucewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo mai kauri na iya rage gani har a jinkirta sauka ko a karkatar da jirgi wani gari, kuma jirgin da bai sauka ba ai ba zai ɗebi kowa ba. Da bazara, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, iska kan yi sakayau, injin da fukafukai ba su samun abin riƙo kamar a cikin sanyi, sai jirgi mai cikakken lodi ya buƙaci doguwar tazara kafin ya ɗaga, wani lokaci ma a rage masa nauyi. Da damina kuma hadarin da ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa yakan sa a dakata na ɗan lokaci har ya wuce.

Yaya batun salla, azumi da harami a cikin waɗannan awoyi?

Mai tafiya gabas rana gajarce masa take yi. Tsakanin Yamai da Jidda akwai digiri 37 na faɗin duniya, rana kuma tana cin digiri 15 a awa, ke nan a lissafin rana tazarar ta kusa awa 2 da rabi, ko da yake agogo 2 kawai ya nuna. Wanda ya tashi da hantsi zai tarar azahar da la'asar sun matso kusa da juna fiye da yadda ya saba. Mai azumi ba ya buɗe baki da agogon Yamai ko na Jidda. Abin da malamai suka bayyana shi ne ya dubi faɗuwar rana daga inda yake, a sama kuwa rana takan ɗan jima ba ta ɓace ba bayan ta faɗi ga mutanen ƙasa. A dawowa yamma, wunin tsawo yake ƙarawa.

Wanda zai fara sauka Madina ba shi da gaggawar harami, domin a Zul Hulaifa zai ɗaura idan ya tashi tafiya Makka. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye shi ne ke da aiki a cikin jirgi. Malamai sun yi saɓani a kan mai zuwa daga yamma ta kan teku, don haka kowa ya tambayi malamin ayarinsa tun a gida. Abin da ya shafi lissafinmu shi ne, a gudun kilomita 14 a minti ɗaya, saitin miƙati wucewa yake kamar ƙiftawar ido, kuma banɗakunan jirgi ba za su ɗauki mutum ɗari masu sauya tufa a lokaci guda ba. Shi ya sa da yawa suke sa farin mayafin tun a filin jirgin ƙarshe da suka taso, su bar niyya sai an yi sanarwa.

Zaman awa 5 ko 6 wuri ɗaya yana da illa?

Ga mai lafiya, gajiya ce kawai da kumburin ƙafa. Tsofaffi, masu juna biyu da waɗanda aka yi wa aiki kwanan nan su ne ke cikin haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma ya kamata su ga likita kafin tafiya. A riƙa shan ruwa, a motsa ƙafafu, a miƙe a ɗan taka bayan kowace awa biyu. Tsofaffinmu sukan ƙi shan ruwa don kunyar tambayar banɗaki, saboda haka wanda ya raka su ya nuna musu wurin da yadda ƙofar ke buɗewa tun jirgi bai yi nisa ba. Magungunan hawan jini da na sukari a jakar hannu ake sa su.

Idan aka haɗa kome, daga ƙofar gida zuwa masauki a Makka awa nawa ne?

Ana son fasinjan ƙasar waje ya isa filin jirgi awa 3 kafin tashi, maniyyata kuwa sau da yawa tun kafin haka ake kiransu saboda awon kaya da tantance takardu. A ƙara awa 5 da rabi zuwa 7 na sama. A Jidda, filin da aka buɗe a 1981 yana da sashen alhazai na musamman mai rufi kamar tantuna, inda duba fasfo, ɗaukar kaya da jiran motoci kan ci awoyi idan jirage da yawa suka sauka a tare. Daga nan zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota idan hanya ba cunkoso. Mazaunin Yamai da ya samu jirgi kai tsaye ya sa ran awa 13 zuwa 16 ke nan, na Tawa kuma ya ɗora wuninsa na mota da kwanan Yamai a kai. Mai son wucewa Madina daga Jidda yana da sauran kilomita 400 da ɗoriya, ko dai a mota, ko a jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini da ya fara aiki a 2018.

Yaushe ya kamata ƴan tarbo su tafi filin jirgi ranar dawowa?

Ba da lokacin da aka faɗa mako guda da ya wuce za a yi aiki ba, domin jadawalin jigilar dawowa yakan motsa. A jira har alhaji ya kira ko ya turo saƙo cewa sun shiga jirgi an rufe ƙofa. Daga wannan lokaci a ƙirga awa 5 da rabi zuwa 7 a agogon Yamai, ba tare da cirewa ko ƙara kome ba, tun da agogo ɗaya ake kallo. Sannan a ƙara aƙalla awa guda ta duba fasfo da jiran kaya kafin ya fito. Masu tasowa daga Tawa da motar tarbo su kam ba za su jira wannan kira ba, domin jirgin zai riga su isa. Su kwana a Yamai tun daren jajibiri.